Tocilar Zamani Ga Sabon Shiga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Maɓalli, Haske da Batir

Wanda ya saba da tocilar da ake tura maɓalli gaba ta kama, a ja baya ta mutu, ranar da ya fara riƙe irin na yanzu sai kansa ya ɗaure. Maɓalli ɗaya ne tak, amma in ya danna sau biyu ta kashe masa ido, in ya danna sau huɗu ta yi gum kamar ta lalace. Ya je neman bayani kuma a tarbe shi da 1H da 4C da CRI da 519A. Tambayoyin nan su ne waɗanda sababbin shiga suka fi maimaitawa. An sa musu lamba don a riƙa komawa daga wata zuwa wata.

1. Me ya sa tocila mai maɓalli ɗaya take da ayyuka barkatai?

Saboda a irin waɗannan ba maɓallin ne ke haɗa batir da ƙwan fitila kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai ɗan faifan lantarki, faɗinsa kamar na kwabo, wanda masu harkar ke kira direba. A kansa akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da manhaja. Ita ke ƙirga sau nawa ka danna, ka riƙe ne ko ka saki, sannan ta yanke yawan wutar da za ta sakar wa ƙwan.

Wannan tsarin dannawa shi ake taƙaitawa da haruffa biyu, UI. In ka ji wani ya ce UI ɗin tocila kaza bai yi ba, ba haskenta yake kushewa ba. Nufinsa sai ka sha zagaye kafin ka kai hasken da kake so, kamar irin na kasuwa da sai ka ratsa ta mai walƙiya kafin su yarda su mutu. Kowane kamfani da nasa tsarin, amma da yawa daga cikin masu maɓallin gefe sun yi tarayya a abu uku: danna ɗaya ta kama, riƙewa tana kashe ya ba ka mafi ƙarancin haske, danna biyu da sauri ya kai ka mafi ƙarfi.

2. Meye bambancin maɓallin gindi da na gefe?

Na gindi yawanci makunni ne na gaske, yana yanke wutar baki ɗaya. Iri biyu ne. Akwai wanda da ka ɗan taɓa shi haske ke fitowa tun kafin ya yi ƙas, in ka saki ya ɗauke. Masu gadi sun fi son wannan don leƙawa a kashe nan take. Akwai kuma wanda sai ya yi ƙas ka saki sannan ta kama, in tana kunne kuma ɗan taɓawa ba tare da ƙas ba shi ke sauya matakin haske. Convoy S2+, wadda mutane da yawa suka fara harkar da ita, irin na biyun nan take zuwa da shi.

Na gefe kuwa ba ya yanke komai, saƙo kawai yake aika wa ƙwaƙwalwar. Shi ya sa yake iya ayyuka da yawa, shi ya sa kuma tocilar ke ɗan shan batir ko tana kashe. Maganin wannan na tambaya ta 17.

3. Mene ne 1C, 2C, 1H, 2H da nake gani a takardar bayani?

Harafin C na nufin dannawa a saki, H kuma dannawa a riƙe. Lambar ita ce jimillar dannawa. 3C, danna sau uku a jere. 1H, danna sau ɗaya ka riƙe. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne 2H: ba danna biyu sannan a ƙara na riƙewa ba ne, a'a, ka danna ka saki, ka sake dannawa ka riƙe. Na ƙarshen kullum shi ake riƙewa, kuma yana cikin lissafi.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, a yi su da sauri. In tazarar ta kai kamar rabin daƙiƙa, tocilar za ta ɗauka ka gama, ta fara sabon lissafi. Na biyu, ma'anar dannawa ta danganta da halin da tocilar ke ciki. 1H tana kashe daban, 1H tana kunne daban. Kafin ka karanta kowane layi a takardar, fara duba a ƙarƙashin wane hali aka rubuta shi.

4. Mene ne Anduril? Dole sai na haddace taswirar nan mai kama da saƙar gizo-gizo?

Anduril manhaja ce ta tocila wadda wata mai tsara manhaja da aka fi sani da ToyKeeper ta rubuta, ta kuma bar ta a buɗe kowa ya ɗauka ya gyara. Wadda ake yayi yanzu ita ce Anduril 2. Za ka same ta a tocilolin Emisar da Noctigon, da wasu na Sofirn da Wurkkos, da Lumintop FW3A. Taswirar da ke nuna duk tsarin dannawarta ta kori mutane da dama tun kafin su sa batir, kuma a ganina ba a kyauta wa sabon shiga da ake fara nuna masa ita.

Ba sai ka haddace ba. Tana kashe, 1C ya kunna ta, 1H ya kunna ta a mafi ƙarancin haske, 2C ya kai ta sama. Tana kunne, 1H ya riƙa ƙara haske a hankali har ka saki inda ya yi maka, 2H ya riƙa ragewa, 1C ya kashe. Ƙara 3C na duba caji da 4C na kullewa, ka gama da abin da za ka buƙata yau da gobe. Hawa da saukar hasken an raba shi mataki 150 ne, shi ya sa yake tafiya sumul kamar ana murza rediyo.

Yawancinsu suna fitowa daga masana'anta a tsari mai sauƙi, an ɓoye sauran ayyukan. In kana son cikakken tsarin, 10H tana kashe; in ka gaji da shi, 10C ya mayar da kai. A cikakken tsarin ne ake samun su hasken kyandir mai rawa, da kwaikwayon walƙiyar hadari, da mai ƙyaftawa na keke, duk a ƙarƙashin 3H. Ka yi sati guda a mai sauƙin tukuna.

5. Na danna ta ƙi kamawa, sai ɗan haske in na riƙe. Ta lalace ne?

Da wuya. Galibi a kulle take, wataƙila ɗan yaro ya samu maɓallin ya yi ta dannawa har ya kai huɗu. A Anduril 4C ke kullewa, 4C kuma ke buɗewa. Tana kulle, riƙe maɓalli na ba da ɗan haske muddin kana riƙe, da gangan aka yi haka don ka iya duba ramin makulli ba sai ka buɗe ta ba.

In kuwa haske na fitowa ne kawai lokacin da yatsanka ke kai, ka yi 4C har ka gaji ba ta sauya ba, to 5C aka danna, ta shiga yanayin leƙe. Wannan ba a fita daga cikinsa da maɓalli ko kaɗan. Sassauta murfin gindi har wuta ta yanke, ka sake ɗaurewa, za ta dawo daidai.

6. Yaya zan san sauran cajin da ke ciki?

Tana kashe ka yi 3C, ka ƙirga ƙyaftawa. In ta ƙyafta sau 3, ta ɗan dakata, ta ƙyafta sau 8, batirin na kan bolt 3.8 ke nan. Sifili kuwa wata 'yar ƙyaftawa ce gajeriya ƙwarai, mai sauƙin wuce ido. Wasu sababbi suna ƙara lamba ta uku. A batirin litiyam 4.2 shi ne cike maƙil, 3.7 kusan rabi, in ya gangaro wajen 3.3 a nemi caja, 3.0 kuma ya ƙare.

Masu ƙananan fitilu masu launi a fuska ko a cikin maɓalli suna iya nuna cajin ba sai an danna komai ba, in an saita su a kan haka: shunayya da shuɗi cike, kore tsaka-tsaki, rawaya ya fara ja baya, ja kuma yunwa yake ji. 7C tana kashe ke sauya ƙarfin waɗannan ƙananan fitilu ko ya kashe su, 7H ke sauya launi, a cikakken tsari.

7. Na dagula saituna, yaya zan mayar da ita yadda ta zo?

Sassauta murfin gindi, danna maɓalli ka riƙe, ka ɗaure murfin ba tare da ka saki ba. Za ta fara rawar haske yana ƙaruwa na 'yan daƙiƙu, sannan ta yi wal da ƙarfi. Nan za ka saki. In ka saki kafin wal ɗin, ba abin da ya sauya. A da yawa 13H tana kashe ma yana yin wannan aikin. Bayan haka za ka tarar da ita a tsari mai sauƙi.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi mu mazauna ƙasashe masu zafi. Lokacin da take gogewar, tana kuma daidaita ma'aunin zafinta, tana ɗauka cewa ɗakin da take ciki digiri 21 ne. In ka yi wannan da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, ɗaki na digiri 38, to daga ranar za ta riƙa ganin kanta ta fi sanyi da digiri 17 a kan gaskiya, ta yi ta zuba wuta har ta gagari riƙewa. Ka yi gogewar da asuba tocilar na sanyi, ko ka gyara ma'aunin da hannu kamar yadda aka nuna a tambaya ta 11.

8. Mene ne lumen, kuma nawa ya ishe ni?

Lumen ma'aunin jimillar hasken da ke fita ne, ko ina ya nufa. Tsohon ƙwan lantarki mai zare na wat 60 yana ba da kusan lumen 800. Don tafiya a lungu ko duba injin janareta, 50 zuwa 150 sun wadatar. In an ɗauke wuta, tsayar da tocila a kan gindinta ta haska silin fari a lumen 100 zuwa 200, ɗaki zai yi hasken da za a ci tuwo a ga juna, kuma batir guda mai kyau zai kai ka sa'o'i da dama.

Ido ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Lumen 2,000 ba ya bayyana a ido kamar ninkin 1,000. Ƙiyasin masu harkar shi ne sai haske ya ninka kusan sau huɗu kafin ka ji kamar ya ninka biyu. Kada ka ƙara kuɗi don bambancin 1,200 da 1,500.

9. Na ga wadda aka rubuta lumen 100,000 a kwalinta, kuma da araha. Gaskiya ne?

Yi lissafin da kanka. Ƙwan LED fari mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 200 a kowane wat. Ko an ɗauki 200, lumen 100,000 na buƙatar wat 500, ƙarfin da ya kai na ƙaramin rishon lantarki. Batir guda ɗan yatsa ba zai iya fitar da wannan ba, in ma ya iya, tocilar za ta toya maka hannu cikin daƙiƙu. Akwai masu kai wannan adadi da gaske, amma manya ne masu nauyi, da tarin batura da fanka a ciki, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Kamfanonin da ke mutunta kansu suna bin ƙa'idar gwaji ta Amurka mai suna ANSI FL1, wadda ta fito a 2009. Ko ita ma sai an san karatunta. Ana auna lumen ne bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, tsawon aikin batir kuma ana ƙirga shi har sai haske ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Saboda haka "lumen 2,000, awa 3" ba ya nufin za ka samu 2,000 har awa uku. Dalili na tambaya ta 11.

10. To kandela fa? Me ya sa mai lumen kaɗan ke fin mai yawa nisa?

Lumen yawan ruwan ne, kandela kuma ƙarfin tsartuwarsa. In ka toshe rabin bakin tiyo da yatsa, ruwan bai ƙaru ba amma ya fi nisa. Kandela na auna tsananin hasken a tsakiyar inda aka nufa. Tocilar da ke tattara haskenta wuri guda ita ce mai jifa, a rubuce za ka ga *throw*. Wadda ke baza shi ko'ina ita ce mai malala, *flood*.

Nisan da ake rubutawa a kwali daga kandela ake ciro shi: inda hasken ya raunana ya koma laks 0.25 (laks ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), kwatankwacin hasken wata daren sha huɗu. Kandela 10,000 na ba da mita 200, 40,000 na ba da mita 400. Ka lura, sai ka ninka kandela sau huɗu nisa ke ninkawa sau biyu. A aikace kuma raba adadin kwalin biyu, domin hasken farin wata a mita 400 ba zai nuna maka akuya ce ko kare ba. Mai gadin gona ko garke yana son jifa; mai gyaran babur ko mai shiga kicin yana son malala, mai jifa a kusa ido kawai take kashewa.

11. Me ya sa haske ke raguwa da kansa bayan minti ɗaya ko biyu?

Zafi. Mataki mafi ƙarfi, wanda ake kira turbo, gudun fanfalaki ne, ba a daɗewa a kai. Mafi yawan wutar da ke shiga ƙwan LED zafi take komawa, ƙaramar tocila kuma ba ta da jikin da za ta zubar da shi. Shi ya sa wadda ke tashi da lumen 3,000 za ka ga ta gangaro 'yan ɗaruruwa ta zauna a nan. Wasu agogo suke bi su rage, wasu ma'aunin zafi. Wancan matakin da take iya zama a kai, shi ne ainihin ƙarfin tocilarka, kuma shi ya kamata ka tambaya kafin saye, ba adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba.

Anduril na zuwa da iyakar digiri 45. A ƙasar da iskar kanta ke haura 40 a bazara, ka ga tazarar ba ta da yawa, tocilar za ta yi saurin ja da baya fiye da yadda masu gwaji a Turai suka nuna. A cikakken tsari kana iya gyarawa: 3C, sannan 2C ya kai ka ma'aunin zafi, za ta ƙyafta digirin da take ji. Yi 7H, in ka saki bayan ƙyaftawar farko sai ka danna sau ɗaya ga kowane digiri na zafin ɗakin na gaskiya. In ka saki bayan ta biyu, iyakar kake saitawa, kuma daga 30 ake fara ƙirga: danna 20 ya ba ka 50. Ban cika son a wuce 55 ba, hannu ma ba zai yarda ba.

12. Me ake nufi da hasken farin wata, da tocila mai tuna mataki?

Hasken farin wata, *moonlight* a takarda, shi ne mataki mafi ƙanƙanta, lumen 1 ko ƙasa da haka. Sabon shiga kan raina shi, sai daren da ya tashi neman maganin yaro ƙarfe uku ba ya son tada kowa. Batir kan yi kwanaki da yawa a kansa. Mai tuna mataki kuwa ita ce wadda ke kamawa a hasken da ka kashe ta a kai. Yana da daɗi, amma in a turbo ka kashe jiya, shi zai gaishe ka yau. Saba wa yatsanka da 1H in dare ya yi.

13. Mene ne 2700K, 5000K, CRI da R9?

Lambar mai K launin farin ne, ana auna shi da kelbin. 2700K ja-ja ne kamar fitilar ƙwai, 4000K zuwa 5000K kamar hasken rana, 6500K fari fat mai ɗaukar shuɗi, irin na yawancin masu araha. Lamba mai girma ba ta nufin inganci. A cikin ƙurar hunturu ma mutane da yawa sun fi samun sauƙin gani da mai ɗumi, farin kan dawo musu a ido.

CRI kuma yana auna yadda haske ke nuna launin abu na gaskiya, maki mafi girma 100. Na gama-gari na wajen 70, masu kyau 90 zuwa sama. R9 shi ne makin launin ja shi kaɗai, wanda ƙwan LED ya fi kasawa a kai. Gwada ka gani: haska tumatir da tattasai da tafin hannunka da mai CRI 70, za ka ga sun koɗe kamar an wanke su da toka, ka sauya mai 95 jan ya dawo. Ga mai haɗa wayoyin lantarki masu launi, ko mai duba nama ko ciwo da dare, wannan ba ado ba ne. Farashinsa shi ne mai CRI sama kan ɗan gaza a yawan lumen.

Saura abin da ake ce wa *tint*. Ƙwai biyu na iya zama 4000K dukansu, ɗaya ya karkata kore, ɗaya ruwan hoda. Ana auna karkatar da Duv: lamba sama da sifili kore, ƙasa da sifili hoda. Masu harkar sun tsani koren, kuma da zarar idonka ya koyi ganinsa, shi ke nan, ka shiga sahu.

14. Su 519A, SST-40, XHP70 da SFT-40 fa?

Sunayen ƙwan LED ne. 519A da 219B na kamfanin Nichia ne na Japan, inda Shuji Nakamura ya yi aikin LED shuɗi mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Farin LED ɗin tocilarka shuɗi ne aka shafa masa sinadari mai mayar da shi fari. Ana son 519A don kyan launi. SST-20, SST-40 da SFT-40 na Luminus ne, XHP50 da XHP70 na Cree, LH351D na Samsung. XHP70 babba ne mai yawan lumen, SFT-40 kuma shimfiɗaɗɗe ne mai jifa.

Yawancin ƙwai na da 'yar tulluwar roba a kai. Cire ta shi ne *dedome*. A 519A cirewar na sa launi ya ƙara ɗumi ya karkata hoda, jifa ya ƙaru, lumen ya ɗan ragu. Ba aikin ranar farko ba ne.

15. Wacce ta fi, mai zuƙowa ko mai kwanon madubi?

Mai kwanon madubi na ba da cibiya mai ƙarfi da haske mai laushi kewaye da ita, kana ganin nesa kana ganin gabanka. Kwano mai santsi, SMO, ya fi jifa. Mai gurje-gurje kamar ɓawon lemo, OP, ya fi haske mai laushi. TIR kuwa wani dunƙulen roba ne garai-garai da ke maye gurbin kwanon, ya fi yawa a ƙanana.

Mai zuƙowa, wadda ake jan kanta gaba da baya, tana burge mai kallo a shago, amma in ka tsuke ta haske mai yawa na maƙalewa a ciki, abin da ke fita ɗan murabba'i ne ba komai a gefensa. Ja da turawar kuma na zuƙo ƙura da danshi. Ba na ba da shawararta.

16. Me lambobin batir ke nufi: 18650, 21700, 14500?

Girma ne. 18650 kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. 21700 kauri 21, tsawo 70. Duk na litiyam ne, bolt 3.6 ko 3.7 a rubuce, 4.2 in sun cika. A yi hattara da 14500: girmansa ɗaya da batirin AA na rediyo, amma AA bolt 1.5 ne. In tocilar ba ta ce tana karɓar duka biyun ba, 14500 zai ƙona ta.

Yawan cajin da batir ke ɗauka da mAh ake auna shi. 18650 na gaskiya bai cika wuce mAh 3,500 ba, 21700 kuma na wajen 5,000. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma in ka ɗaga za ka ji shi sakayau, alhali na gaske na kai giram 45 zuwa sama. Masu yin na ƙwarai su ne irin su Samsung, LG, Panasonic, Murata da Molicel. Akwai mai kai a shafe da mai ɗan tsini, akwai kuma mai faifan kariya a gindi wanda ya ɗan fi tsawo. Emisar D4V2, misali, mai shafaffen kai marar kariya take so, mai iya sakin wuta da yawa. Duba abin da taka ta nema kafin ka saya.

17. Tana iya kamawa a aljihu? Me ya sa batir ke ƙarewa tana ajiye?

Tana iya, kuma ba abin dariya ba ne. Turbo a cikin aljihu na iya huda yadi cikin ƙanƙanen lokaci, ka ji ɗumi a cinya kafin ka ji ƙauri. Ko ka kulle da 4C kamar a tambaya ta 5, ko ka sassauta murfin gindi kwata guda na juyi. Sassautawar ta fi tabbas domin tana yanke wuta gaba ɗaya, ta kuma hana ɗan tsotson da masu maɓallin gefe ke yi. Tana aiki ne in zaren murfin na da rufin nan baƙi da ba ya wuce da wuta. In ƙarfe ne tsirara, ba za ta yanke ba.

Batirin kansa kuma: kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi, a sa shi a 'yar robarsa. In ledar jikinsa ta yage, a daina amfani da shi har a sake masa wata. Kada a bar shi cikin mota a rana. Wanda za a daɗe ba a taɓa ba, a ajiye shi wajen bolt 3.7, ba cike ba, ba fanko ba.

18. Mene ne FET, *buck*, *boost* da PWM?

Nau'o'in direba ne da yadda suke sarrafa wuta. FET kamar buɗe famfo ne gaba ɗaya: haske mai tsanani in batir na cike, yana raguwa yadda batir ke raguwa, ga zafi. *Buck* na rage ƙarfin wutar batir zuwa abin da ƙwan ke so, *boost* na ɗaga shi. Dukansu sun fi tattali, sun fi riƙe haske daram, kuma su ke ba da matakin zama mai kyau da aka yi magana a tambaya ta 11. Akwai kuma mai sauƙi da ke ƙona rarar wutar ta zama zafi, irin mai 'yan ƙwayoyin 7135, kowace na ba da miliamfiya 350.

PWM dabara ce ta rage haske ta hanyar kunnawa da kashewa da saurin da ido ba ya kamawa. In saurin ya yi ƙasa, yana sa wasu ciwon kai. Haska fanka tana juyawa, ko ka kaɗa yatsunka a gaban hasken: in ka ga fukafukan sun rarrabu kamar hotuna a jere, mai jinkirin ce.

19. IPX7 da IP68 na nufin zan iya shiga ruwa da ita?

Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, X kuma na nufin ba a gwada wannan ɓangaren ba. 4 fantsama ce kawai, 7 nutsewa mita 1 na minti 30, 8 abin da ya fi haka gwargwadon faɗar kamfanin. 6 a farko na nufin ƙura ba ta shiga, abin da ya fi mana amfani rabin shekara. Duk wannan ya dogara ne da zoben roba da ke bakin murfi da kuma marfin ramin caji. Na ninƙaya a ƙarƙashin ruwa aji ne daban.

20. Tana ɓari-ɓari da kanta, wani lokaci kuma ta ƙi caji. Ina matsalar?

Fara da datti. Kwance murfin gindi, ka goge bakin bututun da ƙarfe ke tsirara, da kan batir da gindinsa, da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit. Baƙin maiƙon da ke taruwa a nan shi ke hana wuta wucewa sosai. Ɗaure kai da gindi tamau. A masu maɓallin gindi akwai wani zobe a cikin murfin da ke riƙe makunnin, yakan sassauta. Matse shi da bakin hantsaki. In za ka shafa wa zare da zoben roba mai, na silikon ake so, ba man jelly ba, wanda ke iya lalata wasu robobin.

Ƙin caji kuma sau da yawa daga waya ne. Wasu tociloli masu ramin USB-C ba a sa musu 'yan ƙwayoyin da ke gaya wa cajar zamani ta saki wuta ba, don haka wayar da kai biyunta duk C ne ba ta yi musu komai. Gwada wayar da kanta ɗaya babba ne irin na da, ɗayan C. In nan ma shiru, duba ko ka bar murfin gindi a sassauce tun kullewar tambaya ta 17, domin wasu ba sa caji sai an ɗaure shi.